Yadda Ake Tsara Masana'antar Fitar da Jan Launi Daga Zoɓo

Duk wanda ya shiga kasuwar Dawanau ta Kano bayan kaka zai tarar da buhunan busasshen zoɓo jibge, ana jiran manyan motocin da za su kai su tashar jiragen ruwa ta Legas. Zoɓo mai yawa da ake nomawa a Jigawa da Kano da Katsina yana barin ƙasa ne kamar yadda aka ɓare shi aka shanya. Meziko tana kan gaba wajen saye, domin su ma suna jiƙa shi su sha kamar yadda muke yi, Jamus kuma tana saka shi cikin haɗin ganyen shayi. Abin da ya fi daraja a cikin buhun shi ne jan launin da ke jikin ɓawon, wato sinadarin antosayanin, wanda kamfanonin lemo da alewa suke amfani da shi a matsayin launin abinci na tsiro, kuma a Turai ake yi masa laƙabi da E163. Wannan jagora tana bin matakan da injiniya zai bi idan aka ɗora masa aikin tsara masana'antar da za ta fitar da wannan launi, kuma galibin abin da za a faɗa ya shafi sauran tsirrai irin su citta da darbejiya da lalle, sai dai kowannensu da halin sinadarinsa.

Mataki na farko: a san abin da za a sayar

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da sayen injuna, daga baya a zauna ana tunanin abin da za a yi da su. Tsari yana farawa ne daga ƙarshe, daga kayan da mai saye zai karɓa ya biya. Zoɓo yana iya fita ta fuska uku. Akwai ruwa mai kauri wanda rabinsa ko fiye narkakken sinadari ne, kuma shi ne masu yin lemo suka fi so domin tsarma shi kawai za su yi. Akwai gari wanda ake narkarwa a ruwa, mai sauƙin ɗauka da ajiya. Akwai kuma tsantsar launi da aka raba da tsami da sukari, wanda ya fi tsada amma yake buƙatar ƙarin na'urori da ƙwarewa. Kowane ɗaya daga cikin ukun yana da jerin injunansa, saboda haka wajibi ne a zauna da masu saye a rubuta ƙarfin launin da suke so, da yawan danshin da za su lamunta, da iyakar ƙwayoyin cuta, da tsawon lokacin da kayan zai yi bai lalace ba. A ganina, wanda yake farawa ya tsaya a kan ruwa mai kauri, ya bar wurin da zai kafa injin busarwa nan gaba idan kasuwa ta buɗe.

Mataki na biyu: a san halin sinadarin

Launin zoɓo ya ta'allaƙa ne a kan antosayanin iri biyu, ɗaya daga dangin delfinidin, ɗayan daga dangin sayanidin, kuma a busasshen ɓawo mai kyau yawansu bai cika wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na nauyi ba. Ragowar abin da ke narkewa a ruwa galibi sinadaran tsami ne, tare da ɗan sukari da sinadarin pektin mai yauƙi. Wannan tsamin shi ne yake riƙe da launin, domin antosayanin yana zama ja jawur ne idan ma'aunin pH, wanda lambarsa take raguwa gwargwadon ƙaruwar tsami, yana ƙasa da 3, jiƙon zoɓo kuwa yakan tsaya wajen 2.5 da kansa. Idan pH ya haura zuwa 4 ko 5 launin yakan koɗe, idan ya wuce nan ya koma shuɗi-shuɗi, daga baya ya rikiɗe ya lalace. Duk uwargidan da ta taɓa jefa ɗan jiƙon kanwa cikin tukunyar zoɓo don kashe tsami ta ga wannan da idonta: nan take kumfa ta taso, jan ya dushe ya koma duhu mai kama da baƙi. Abin da ya faru a tukunyarta shi ne zai faru a tanki mai cin lita dubu biyu idan aka yi sakaci da ruwan da ake zubawa.

Bayan kanwa da danginta, abokan gaban wannan launi su ne zafi mai daɗewa, da hasken rana, da iska, da ƙarfe mai tsatsa ko kuza, da kilorin da ake saka wa ruwan famfo. Har bitamin C, wanda ake ganin abu ne mai amfani, yana gaggauta lalacewar antosayanin idan suka daɗe tare. Daga cikinsu duka zafi ne ya fi shafar mai tsara masana'anta, domin lalacewar tana tafiya ne da digiri da kuma lokaci a haɗe: daƙiƙa talatin a digiri 90 na ma'aunin Salshiyas ba ta yin ɓarnar da sa'a uku a digiri 70 za ta yi. Saboda haka a kowane mataki na aikin tambayar da za a riƙa yi ita ce, zafi nawa ruwan zai sha a nan, kuma minti nawa zai yi a cikinsa.

Mataki na uku: ɗanyen kaya da rumbunsa

Zoɓo ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai duhun ja da ya kusa zama baƙi, akwai mai hasken ja, akwai kuma fari wanda ba shi da launin da ake nema ko kaɗan. Na yankin Kurdufan a Sudan, wanda suke kira karkade, ya daɗe da yin suna a kasuwar duniya. Kafin a ƙulla ciniki da kowane dillali a ɗebi samfuri daga buhuna dabam-dabam, daga sama da tsakiya da ƙasa, a auna danshi, wanda bai kamata ya wuce kashi 12 cikin ɗari ba, a auna yashi da tsakuwa da gurguzun da suka gauraya, sannan a auna launin kansa. Hanyar da aka sani ta auna antosayanin ita ce a raba jiƙon gida biyu, a daidaita ɗaya a pH 1.0, ɗayan a pH 4.5, a duba yadda kowanne yake shan haske a nanomita 520 da 700 da na'urar sifektirofotomita, bambancin da ke tsakaninsu shi ne zai ba da yawan launin. Masana'antar da ba ta da wannan na'ura tana sayen kaya ne da ido kawai, ido kuwa busasshen ɓawo yana yaudararsa.

Sau ɗaya ake girbin zoɓo a shekara, daga ƙarshen damina zuwa shigowar hunturu, alhali masana'anta tana son aiki kullum. Wadda za ta riƙa sarrafa kilo 500 a rana har kwana 250 tana buƙatar tan 125, kuma busasshen zoɓo abu ne marar nauyi mai cin wuri. Rumbun ya zama mai inuwa da sanyi gwargwado, buhuna a kan katako ba a ƙasa ba, nesa da kwanon rufi da ke ɗaukar zafi a watan Afrilu. Batun ƙwari ma ba na wasa ba ne, domin Meziko ta taɓa dakatar da shigo da zoɓon Najeriya saboda ƙwarin da aka samu a cikin kaya, sannan maganin ƙwarin da aka zuba ba bisa ƙa'ida ba yana bin jiƙon, ya ƙara taruwa lokacin da aka ƙafe ruwan.

Kafin jiƙo ana bushe kaya da iska, a tankaɗe, a bi da maganaɗisu don cire guntayen ƙarfe, sannan a ɓarza. A nan ɓarzawa ake so, gutsattsari kamar milimita 2 zuwa 5, ba niƙa ba. Gari mai laushi yana saurin sakin launi, amma yana sakin yauƙi tare da shi, ya toshe matata, a wayi gari lokacin da aka rage a wajen jiƙo an biya shi ninki biyu a wajen tacewa.

Mataki na huɗu: zaɓen abin jiƙo

Antosayanin yana narkewa a ruwa, yana kuma narkewa a etanol, wato sinadarin barasa, da aka gauraya da ruwa. Etanol yakan fitar da launi da yawa ya bar yauƙi a baya, kuma da yake a digiri 78 yake tafasa, ƙafe shi ya fi sauƙi. Sai dai yana kama wuta ko a zafin ɗaki, don haka duk wani injin lantarki da makunni da ke wurin sai ya zama wanda ba ya fitar da tartsatsi, ga tsadar na'urar dawo da shi, ga kuma tambayar halacci da masu saye Musulmi za su yi game da ragowarsa a cikin kayan. Ga zoɓo, ruwa ya wadatar. Wanda yake aiki da citta ko 'ya'yan darbejiya ba shi da wannan gata, domin sinadaran da yake nema ba su cika narkewa a ruwa ba.

A ɗakin gwaji za a jiƙa ƴan giram a yanayi dabam-dabam, ana sauya abu ɗaya a lokaci guda: zafi daga digiri 30 zuwa 80, lokaci daga minti 10 zuwa sa'a biyu, da yawan ruwa a kan nauyin ɓawo. Digiri 50 zuwa 60 na minti 30 zuwa 60 wuri ne mai kyau na farawa, amma samfurin da ke hannu shi zai faɗi gaskiya. Abin da ake nema shi ne lokacin da launi ya daina ƙaruwa a cikin ruwan, domin daga nan duk mintin da aka ƙara dafa launin ake yi.

Mataki na biyar: lissafin ruwa

Nan ne ribar masana'antar take, kuma nan ne aka fi yin gaggawa. Duk litar ruwan da aka zuba a tankin jiƙo sai an biya kuɗin fitar da ita daga baya. Mu ɗauki misali da alƙaluma na kwatance, waɗanda kowa zai maye gurbinsu da abin da ya auna a nasa kayan. An zuba kilo 100 na ɓarzajjen zoɓo cikin lita 1,000 na ruwa, kuma kilo 45 daga cikinsa mai narkewa ne. Jiƙon zai fito da ƙarfin da bai wuce kashi 4 da ɗan wani abu cikin ɗari ba a ma'aunin Biriks, mai nuna yawan abin da ya narke a cikin ruwa, wanda ake dubawa da ƙaramar na'urar rifiraktomita. Dusar za ta riƙe kamar lita 250, ta tafi da kusan rubu'in abin da ya narke, a tsira da kilo 780 na jiƙo mai ɗauke da kilo 34 na sinadari. Idan ana son ruwa mai kauri na Biriks 50, nauyinsa zai zama kilo 68, wato sai an ƙafe fiye da kilo 700 na ruwa. Ƙafe kilo ɗaya na ruwa a digiri 50 yana cin kusan kilojul 2,380, kuma idan tukunyar tururi da man dizal take aiki, tana amfani da kashi 80 cikin ɗari na ƙarfin man, wannan aikin kaɗai zai lashe kusan lita 60 na dizal.

Maganin wannan shi ne jiƙo mai hawa-hawa, inda ruwa da ɓawo suke tafiya a kishiyar juna. A jera tanki uku ko huɗu. Sabon ruwa yana fara shiga tankin da ɓawonsa ya kusa ƙarewa, ya kwashe ɗan abin da ya rage, ya wuce tanki na gaba wanda aka jiƙa sau ɗaya, daga ƙarshe ya isa ga sabon ɓawo, ya fita da ƙarfinsa. Idan tankin farko ya ƙare sai a kwashe dusarsa a zuba sabon kaya, ya koma na ƙarshe a layi. Da wannan tsari jiƙo yana iya fitowa a Biriks 12, kuma dusar da ake zubarwa ruwa tsararo kawai ta riƙe. A ce an kwaso kilo 42 maimakon 34: jiƙon zai zama kilo 350, mai kaurin ya zama kilo 84, ruwan da za a ƙafe ya sauko zuwa kilo 266, dizal kuma wajen lita 22. An sami ƙarin kaya da kusan rubu'i, an kuma ƙona abin da bai kai rabin man ba, duk saboda ƙarin tanki biyu ko uku da ƴan bututu da famfuna. Idan aka saka matsa mai dunƙule a ƙarshen layi don tatse dusar, asarar za ta ƙara raguwa.

Mataki na shida: tacewa da kashe ƙwayoyin cuta

Jiƙo yana fara bi ta rariya mai manyan ido, sannan injin juyi mai ware laka ko matata mai faranti, daga ƙarshe matata mai laushi. Idan yauƙi ya yi yawa ana iya saka sinadarin pektines ya narkar da shi, amma a gwada shi tukuna a ƙaramin kwano, domin wasu nau'o'insa suna zuwa da abin da ke yanke sukarin da ke jikin antosayanin, launin kuma ya tafi. Tsamin zoɓo yana hana ƙwayar cutar botulinum yaɗuwa, tunda ba ta girma a ƙasa da pH 4.6, amma yis da fumfuna ba su damu da tsami ba, kuma jiƙon da aka bari ya kwana a zafin Kano zai wayi gari ya fara tsima. Saboda haka a bi da shi ta na'urar musayar zafi mai faranti, digiri 85 zuwa 90 na ƙasa da minti ɗaya, a sanyaya shi nan take a ɗaya ɓangaren na'urar.

Mataki na bakwai: ƙafewa da busarwa

Ba a ƙafe jiƙon zoɓo a buɗaɗɗiyar tukunya, domin a digiri 100 kafin ruwan ya ragu launin ya koma ruwan ƙasa. Ana yi ne a rufaffiyar na'ura da aka zuƙe iskarta, inda ruwa yake tafasa a digiri 50 idan matsin ya sauka zuwa wajen kilofaskal 12. Wadda ruwa yake gangarowa a jikin bututunta siriri ta fi dacewa, domin ƴan mintuna kawai jiƙon yake yi a ciki. Idan aka yi ta hawa biyu, tururin da ya fita daga ta farko yana dumama ta biyu, buƙatar tururi ta ragu da kusan rabi. Abin da ake yawan mantawa shi ne ruwan sanyaya: idan bai fi tururin sanyi sosai ba matsin zai hau, zafin tafasa ya bi shi, don haka a yi lissafin hasumiyar sanyaya ruwa da watannin da suka fi zafi da laima, ba da kwanakin hunturu ba. Akwai kuma na'urorin tacewa ta fata mai ƙananan ƙofofi, masu cire wani kaso na ruwan ba tare da zafi ba, amma suna son lantarki marar yankewa da jiƙo mai tsabta ƙwarai.

Wanda zai yi gari zai bi da mai kaurin ta injin busarwa na feshi, iskar shiga tana tsakanin digiri 150 da 180, ta fita tsakanin 70 da 90. Ɗigon yana bushewa cikin daƙiƙu, shi ya sa launin yake tsira duk da zafin iskar. Jiƙon zoɓo shi kaɗai ba ya bushewa ya zama gari, saboda tsaminsa yana sa shi manne wa bangon injin kamar alewa, sai an haɗa shi da maltodekstirin, wani gari da ake yi daga sitaci, ko ƙaro. Ƙaron dakwara kuwa a Yobe da Borno da Jigawa ake samun sa, kusa da gonakin zoɓon. Garin da ya fito danshinsa ya kasance ƙasa da kashi 5 cikin ɗari, kuma a rufe shi nan da nan cikin leda mai shimfiɗar alminiyam, domin a watan Agusta buɗaɗɗen gari yana dunƙulewa kafin a gama auna shi.

Mataki na takwas: ƙarfe da ruwa da wuta

Duk abin da zai taɓa jiƙon, tanki ne ko bututu ko famfo, ya zama na ƙarfe marar tsatsa, lamba 316 ta fi 304 jure tsami mai zafi. Baƙin ƙarfe da tagulla da alminiyam ba su da wuri a layin, ko da a ɗan ƙaramin maƙulli ne, kuma a duba irin sandar walda da maƙera suka yi amfani da ita, domin a wurin haɗi tsatsa take farawa. Ruwan rijiyar burtsatse sai an gwada shi, saboda mai ɗauke da ƙarfe ko gishirin ƙasa yana dusar da launi, ruwan famfo kuma a bi da shi ta matatar gawayi don cire kilorin. Game da lantarki, a ware famfon zuƙe iska da famfunan zagaya ruwa a kan layin da janareta zai ɗauka cikin gaggawa, domin idan wuta ta ɗauke jiƙo yana tsaye a jikin bututu mai zafi, ƙonewa zai yi ya manne.

Mataki na tara: gwaji kafin babban gini

Abin da ya yi kyau a kwalbar lita ɗaya ba lallai ne ya yi kyau a tankin lita dubu biyu ba. Kwalba tana hucewa cikin ƴan mintuna, babban tanki kuwa yana riƙe zafi na sa'o'i, domin cikinsa yana ƙaruwa fiye da yadda fatarsa take ƙaruwa, sannan cikawa da juyewa kaɗai suna cin lokacin da ba a lissafa shi a ɗakin gwaji ba. Don haka a gina ƙaramin layi mai cin lita 50 zuwa 100, a yi aiki da shi da kaya daga dillalai dabam-dabam, sabon girbi da wanda ya yi watanni a rumbu. A kowane zagaye a auna launi a bakin kowane mataki, daga ɓawo zuwa jiƙo zuwa tataccen ruwa zuwa mai kauri, a rubuta, domin wannan jadawalin shi ne zai nuna daidai inda launi yake zurarewa. A ajiye samfuran kayan da aka gama, wasu a firiji, wasu a zafin ɗaki, wasu a digiri 40, ana duba su kowane mako, da haka za a san wa'adin da za a rubuta a jikin mazubi. Mai kauri yakan fi daɗewa a sanyi da duhu, cikin duro da aka cika har baki don kada iska ta sami wuri.

A wannan lokaci ne kuma ya kamata a fara neman rajistar hukumar NAFDAC, a tsara ginin yadda hanyar ɗanyen kaya mai ƙura ba za ta haɗu da ta kayan da aka gama ba, tunda sauya bango a takarda ya fi rushe shi sauƙi. A tanadi wurin dusa, wadda take fitowa jiƙe da nauyin da ya ninka na busasshen ɓawo sau biyu ko uku, kuma take fara ruɓa cikin kwana ɗaya ko biyu idan ba a shanya ta ko an kai ta ramin taki ba. Ruwan wanke tankuna ma mai tsami ne, sai an kashe tsaminsa da farar ƙasa a cikin kwatami na musamman, a auna pH ɗinsa ya kusanci 7, kafin a sake shi ya bi magudana.